Farar Giyar Inabin Italiya: Yadda Ake Yin Ta da Yadda Ake Gane Garinsu

A ƙarshen watan Satumba, a kan tuddan da ke gabas da birnin Verona, manomin inabi ba ya yarda da idonsa kaɗai. Da sassafe yakan bi layukan gonarsa yana tsinko ƙwaya ɗaya daga wannan nono, ɗaya daga wancan, na sama da na ƙasa, na gefen rana da na cikin inuwa, har ya tara kamar ɗari a leda. Sai ya murƙushe su, ya ɗiga ruwan a kan gilashin wata 'yar na'ura mai tsawon tafin hannu, ya ɗaga ta wajen haske ya karanta yawan sukarin. Sauran ruwan a kai ɗakin gwaji a auna tsaminsa. Daga nan ya tauna ƙwallon da ke cikin ƙwayar. In kore ne mai ɗaci, da sauran lokaci. In ya yi ruwan ƙasa yana ƙaras-ƙaras a haƙori, to a fara neman ma'aikata.

Lissafin da yake yi mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar aikatawa. Duk ranar da ta fito, sukarin inabi ƙaruwa yake yi, tsaminsa yana raguwa. Sukarin ne zai koma barasa: kimanin giram 17 a kowace lita ke ba da kashi 1 cikin 100. Tsamin kuwa shi ne abin da masu sha ke nema a farar giyar inabin Italiya, wanda ke tsinka yawu ya bar baki wasai. In manomi ya yi gaggawa, zai samu abu mai kashe haƙori, ba ƙamshi. In ya yi jinkirin mako guda cikin zafi, zai samu giya mai nauyi, lami, mai ɗumama maƙogwaro. Duk aikin da za a yi daga baya, tun daga matsa har zuwa zubawa a kofi, ƙoƙari ne na kare abin da aka yanko a ranar nan daga abokan gaba biyu, zafi da iska.

Kafin a yi nisa, akwai maganar da ba ta son kwana-kwana. Yawancin masu karanta Hausa Musulmi ne, kuma hukuncin giya a Musulunci a fili yake: haramun ce, da shanta da cinikinta. Bayanin yadda ake yin abu ba gayyata ba ce zuwa gare shi. Akwai dai Hausawa Kiristoci da suka san ruwan inabi tun daga teburin coci, akwai 'yan Afirka ta Yamma da ke yankan inabi a gonakin Italiya duk kaka, akwai ɗaliban aikin gona, akwai kuma manoman inabin ci na Kudan a jihar Kaduna waɗanda matsalarsu ta rana da inuwa da ranar girbi ita ce ta manomin Verona. Yin giyar inabi a Italiya sana'a ce da ke fitar da lita biliyan 4 zuwa 5 a yawancin shekaru, fiye da rabi farar giya, daga dukkan yankuna 20 na ƙasar, da irin inabi sama da 500 a rajistar gwamnati. Wanda bai san ta ba, bai san karkarar Italiya ba.

Abu na farko da ke ba sabon shiga mamaki shi ne cewa launi ba a ruwan inabi yake ba, a ɓawonsa yake. Kusan kowane inabi, fari ko baƙi, in aka matse shi a hankali, ruwa garau yake bayarwa. Jar giya ana barin ruwan ne ya tsumu tare da ɓawo. Fara kuwa ana raba su tun daga farko. Pinot Grigio, wanda ya fi kowace farar giyar Italiya marar kumfa shahara a ƙasashen waje, inabinsa ba fari ba ne. Ɓawonsa ruwan toka ne mai ratsin ja. A da, a yankin Friuli, tare da ɓawon ake tsuma shi ya fito ruwan jan ƙarfe, abin da suke kira ramato. A 1961 kamfanin Santa Margherita ya fara raba shi da ɓawon nan take, ya fitar da shi fari tas, kuma wannan salon ne ya mamaye kasuwar Amurka daga baya.

Saboda haka gudu ake yi da inabin. Ana yanka da sassafe ko da dare, lokacin da ƙwayoyin ke da sanyi, a zuba a ƙananan akwatuna don kada na sama su danne na ƙasa su fashe. Inabin da ya fashe cikin rana, kafin a isa gida ya fara tsami da kansa, ruwansa ya fara duhu. A masana'anta a cire karan, a zuba ƙwayoyin a injin matsa: wata doguwar ganga ce ta ƙarfe da ke kwance, a cikinta akwai jakar roba da ake hura wa iska, tana kumbura a hankali tana danna inabin a jikin bango mai ƙananan huda. Ruwan farko da ke fita kusan ba tare da an danna ba shi ne mafi daraja, mosto fiore suke ce masa. Na ƙarshe, wanda aka tatso da ƙarfi, yana ɗauke da bauri da ɗacin ɓawo da ƙwallo, don haka mai kula da sunansa yakan ware shi daban. Yawancin ƙa'idoji sun hana a tatsi fiye da lita 70 daga kilo 100 na inabi. Ke nan kwalba ɗaya mai mililita 750 tana cin inabi sama da kilo guda.

Ruwan yana fitowa ne gurɓatacce, sai a sanyaya shi zuwa wajen digiri 10 a bar shi ya kwana, wani lokaci kwana biyu, dattin ya kwanta a ƙasa, a tsiyaye na saman zuwa wani tanki. Nan ake zuba yis, ko a bar wanda ya zo a jikin inabin ya yi aikin. Yis yana cin sukari, yana fitar da barasa da iskar kabon da zafi. Zafin nan ne abin tsoro. In aka bar tanki ya ɗumame, ƙamshin 'ya'yan itacen tashi yake yi ya bi iska. Shi ya sa tankunan zamani na farin ƙarfe marar tsatsa suke da riga biyu, ruwan sanyi yana zagayawa tsakaninsu, ana riƙe abin tsakanin digiri 14 da 18 har mako biyu ko uku, sai sukarin ya ƙare ko ya rage ƙasa da giram 4 a lita. Wannan ake kira secco, wato marar zaƙi. Iskar kabon kuwa ba abin wasa ba ce: ta fi iskar shaƙa nauyi, tana taruwa a ƙasan ɗaki da cikin tanki, ba wari ba launi, kuma tana kashe ma'aikata. Mutanen da sukan shiga da kyandir a hannu, in wutar ta mutu su juya.

Tankin nan mai sanyi ba tsohon abu ba ne. Kafin shekarun 1960, farar giyar ƙauyen Italiya yawanci rawaya ce mai duhu, iska ta riga ta cinye ta. A Friuli, kusa da iyakar Sulobeniya, aka fara sauya hanya, kuma sunan da aka fi ambata shi ne Mario Schiopetto, wanda ya ɗauko dabarun Jamusawa da Faransawa na tsabta da sanyi ya gwada su a kan inabin garinsu. Cikin shekara ashirin salon ya game ƙasar.

Bayan yis ya gama, akwai shawarar da ke raba hanya. A cikin inabi tsami iri biyu ne manya: tartarik, wanda ba ya saurin gushewa, da malik, mai kaifi, irin na ɗanyar tuffa, wanda zafin dare ke cinyewa tun a gona. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna iya mai da malik ya koma laktik, tsamin da ke cikin nono, mai laushi. A jar giya ana son hakan. Wanda ke son fara mai kaifi hana shi yake yi, ta hanyar sanyi da 'yar farar wuta. Farar wutar nan ce ake nufi da contiene solfiti a bayan kwalba, kuma doka ta tilasta rubuta shi da zarar ya wuce miligiram 10 a lita. Wasu sukan bar giyar ta yi watanni a kan mataccen yis ɗin da ya kwanta, suna motsawa lokaci-lokaci, don ta yi jiki ba tare da ta rasa tsaminta ba. Kafin ɗurawa a kwalba sai a sanyaya ta ƙasa da sifili na wasu kwanaki, don gishirin tartarik ya daskare ya faɗi a tanki maimakon a firjin mai saye. In ma an ga ƙananan ƙyalli kamar garin gilashi a gindin kwalba, su ne, kuma ba sa cutarwa. Yawanci zuwa bazarar shekara mai bi, kaya sun shiga kasuwa.

To, tunda tanki ɗaya ne daga arewa har kudu, me ke bambanta wannan kwalba da waccan? Irin inabi da wurin da ya tsiro. Takardar jikin kwalba adireshi ce, kuma karanta ta shi ne rabin ilimin.

Suna yakan zo ta hanya uku. Wani sunan gari ne kawai: Soave, Gavi, Orvieto, Frascati, sai mai koyo ya nemo wane inabi ake nomawa can. Wani sunan inabi ne haɗe da garinsu, kamar yadda ake cewa dankalin Jos ko albasar Aliero: Fiano di Avellino, Greco di Tufo, Vermentino di Gallura. Na uku sunan da kamfani ya ƙirƙiro ne, wanda ba ya faɗin komai sai an juya baya. A ƙarƙashin sunan akwai haruffa. DOC tsari ne da aka kafa a 1963, kuma giyar farko da ta same shi, a 1966, fara ce: Vernaccia di San Gimignano ta Tuscany. Kowace DOC tana da kundin ƙa'ida da ya zana iyakar gonaki, ya faɗi irin inabi, da iyakar abin da za a girba a hekta, da mafi ƙarancin ƙarfin barasa. DOCG mataki ne na sama, an fara ba da shi a 1980, kuma kwalbarsa tana ɗauke da wani zirin takarda mai lamba a wuya, wanda ma'aikatar buga kuɗi da takardun gwamnati ke bugawa. IGT ya zo a 1992, da ƙa'ida mai sassauci. Yau DOC sun haura 300, DOCG sun haura 70.

Tsaurin nan yana da tarihi mai ɗaci. A 1986 wasu 'yan kasuwa a arewacin ƙasar suka zuba metanol a giya mai arha don ƙara mata ƙarfi. Kimanin mutum 20 suka mutu, wasu suka makance, kasuwar waje ta rushe. Binciken da ake yi yau da dokar 1992 daga nan suka samo ƙarfi.

Amma kada haruffa su ruɗi kowa. Suna tabbatar da asali da bin ƙa'ida, ba sa tabbatar da daɗi. Soave ce babbar shaida. Tun 1931 aka shata iyakar tuddan da ke tsakanin garin Soave da Monteforte d'Alpone, inda ƙasa take baƙa ta tsohon aman wuta a gabas, fara ta dutsen alli a yamma, kuma inabin Garganega, wanda dole ya kai kashi 70 cikin 100 na kwalba, yake nuna a hankali a ƙarƙashin rumfa. Da DOC ta zo a 1968 sai aka faɗaɗa iyakar har zuwa fadama mai albarka, inda kuranga ke zuba 'ya'ya ba adadi, ruwa-ruwa. Kasuwa ta cika da Soave marar ɗanɗano, sunan ya zube. Iyalan Pieropan suka tsaya a tudu, a 1971 suka fitar da Calvarino daga gona guda, don nuna abin da wurin zai iya. Roberto Anselmi kuwa a 2000 ya yi fushi ya fice daga DOC ɗin gaba ɗaya, yana sayar da nasa a matsayin IGT. Darasin mai saye a nan kalma ɗaya ce: Classico. In ta bi sunan, daga tsohon tudun nan ne. Superiore yana nufin ƙarin ƙarfi da ƙarancin girbi, Riserva ƙarin ajiya. Frizzante mai 'yar kumfa ce, spumante mai kumfa sosai, amabile da dolce masu zaƙi. Bayan duk wannan, sunan wanda ya yi giyar ya fi haruffan nauyi.

Wanda ya shimfiɗa taswira zai lura cewa farar giya mai kaifi tana bin wurin da dare ke sanyi: tsauni ko bakin teku. Can ƙarshen arewa, a Alto Adige, yankin da yake hannun Ostiriya har ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko kuma yawancin mutanensa Jamusanci suke yi, gonaki suna hawa gangaren Alps, takardar kwalba tana zuwa da harshe biyu. A kwarin Isarco, gidan ibadar Novacella da aka kafa a 1142 har yau yana yin giya daga Sylvaner da Kerner. Pinot Grigio na nan da na tuddan Collio a Friuli ya sha bamban da na fili, wanda tun girbin 2017 ke fita da sunan delle Venezie, DOC ɗin da ta haɗa Veneto da Friuli da Trentino.

A arewa maso yamma akwai Gavi, a kudancin Piemonte, ƙananan hukumomi 11, inabin Cortese zalla, DOCG tun 1998. Tsaunuka ne kawai tsakaninta da Genoa, kuma a teburin kifin birnin ta yi suna: siririya ce, mai ƙamshin lemon tsami.

Verdicchio ta yankin Marche ta cancanci a daɗe a kanta, domin ba inda ya fi nan koyar da tasirin wuri. Inabi ɗaya ne, gida biyu. Castelli di Jesi tana kan tuddan da ke buɗe ga Tekun Adriatik, iskar teku tana shiga ta kwaruruka tana tausasa yanayi. Matelica tana ciki, a wani kwari mai tsayi da ya miƙe daga arewa zuwa kudu, tsaunuka sun tare shi daga teku, rana da zafi dare da sanyi. Ta Jesi takan fi faɗi a baki, ta Matelica ta fi tsauri da tsami. Dukansu suna ƙarewa da ɗan ɗaci na ƙwallon almon, wanda shi ne tambarin wannan inabi. A 1953 kamfanin Fazi Battaglia ya zuba ta a wata koriyar kwalba mai siffar tsohon tulun Girkawa, siffar da ta kai ta gidajen abinci na duniya, amma ta kuma liƙa mata sunan giya mai arha. Gaskiyar ita ce Verdicchio mai kyau tana iya shekara 10 a kwalba tana ƙara kyau, abin da kaɗan ne daga fararen Italiya ke iyawa, kuma har yau kuɗinta bai kai darajarta ba.

Kudu ce ke karya zaton mutane. Ana ɗauka ƙasar zafi ba za ta ba da tsami ba, alhali Irpinia, a tsaunukan gabas da Napoli, ana ƙanƙara a cikinta da hunturu, girbi yana kaiwa Oktoba. Nan Fiano di Avellino da Greco di Tufo suke, dukansu DOCG tun 2003, kuma Tufo gari ne da aka daɗe ana haƙar farar wuta a ƙarƙashinsa. A tsibirin Sardiniya, Vermentino di Gallura, DOCG ɗaya tilo ta tsibirin tun 1996, tana fitowa daga yashin ruɓaɓɓen dutse da iska mai ƙarfi. A Sisili kuma akwai Etna, dutse mai aman wuta har gobe, wanda ya zama DOC ta farko a tsibirin a 1968. Inabin Carricante yana hawa gangarensa har wajen mita 1,000, kuma ƙaramar hukumar Milo kaɗai, a gefen gabas mai yawan ruwan sama, ke da izinin rubuta Etna Bianco Superiore. Tsamin Carricante ya fi na wurare da yawa da ke arewa da shi da kilomita ɗaruruwa.

Masu talla suna son cewa ana jin ɗanɗanon dutsen a kofi. A nan sai a yi hattara. Saiwa ba ta tsotso dutse ta kai shi kwalba. Abin da ƙasa ke yi shi ne sarrafa ruwa da ɗumi: wadda ke zubar da ruwa tana sa kuranga ta yi ƙananan 'ya'ya masu ƙarfi, wadda ke riƙe shi tana cetonta a fari. Bambancin gaskiya ne, hanyar da yake bi ce ba ta tatsuniya ba.

Masu koyon sana'ar ɗanɗanon giya, irin ɗaliban ƙungiyar AIS da aka kafa a Milan a 1965, ba da kwalba ɗaya suke koyo ba. Uku suke jerawa, misali Gavi da Verdicchio da Etna, ga taswira ga littafin rubutu ga bokitin tofarwa, domin ƙwararre kurkurawa yake yi ya zubar. Kofin na gilashi ne mai ƙafa, bakinsa ya ɗan tsuke, ana zuba masa kashi ɗaya cikin uku, a riƙe ƙafar don kada hannu ya ɗumama shi. Da farko a karkata shi a kan farar takarda: ruwan ciyawa mai ratsin kore alamar ƙuruciya ce, ruwan zinariya alamar shekaru ko ajiya a gangar katako ko nunar inabi, ruwan ƙasa a kwalbar bara alamar lalacewa. Sai a sansana a tsaye, a juya shi a sake sansanawa. Sannan a kurɓa kaɗan, a zagaya da shi baki, a tofar, a sunkuyar da kai a ɗan buɗe baki. Yawan yawun da ya taru a gefen harshe shi ne ma'aunin tsami. A ƙarshe a ƙirga daƙiƙoƙin da ɗanɗanon ya yi kafin ya ɓace. Mai arha nan take take gushewa, mai kyau tana daɗewa.

Sanyi yana da iyaka. Siririya irin Gavi ko Pinot Grigio tana son digiri 8 zuwa 10, mai jiki irin Fiano ko tsohuwar Verdicchio 10 zuwa 12. Firjin gida yakan sauka wajen digiri 4, inda ƙamshi ke rufewa, don haka a fitar da kwalba minti goma kafin zubawa. In ana sauri, bokiti mai ƙanƙara da ruwa rabi da rabi ya fi ƙanƙara zalla, minti 20 ya isa. Game da abinci, 'yan Italiya ba sa wahalar da kansu, abin garin da giyar garin: Verdicchio da brodetto, miyar kifin Ancona, Soave da shinkafar risotto, Vermentino da busasshen ƙwan kifi na Sardiniya. Tsami yana yanke maiƙon soyayyen abu, amma barkono mai yawa yana ƙara wa barasa zafi.

Kwalbar da ta yi tafiya zuwa Afirka ta Yamma tana da ƙarin haɗari. Makonni a kwantena a tashar jirgin ruwa, sannan watanni a kanta mai zafi, suna dafa ta tun ba a buɗe ba. Alamar ita ce toshiya ta turo sama, ko danƙo a wuyan kwalba, ko launi ya yi duhu. A duba shekarar girbi: yawancin irin wannan giya shekara ɗaya zuwa uku ne ƙarfinta. In tana warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar ce ta ɓata ta. Wadda aka buɗe, a rufe a sa a firji, kwana biyu ko uku ne iyakarta.

Sanyinta da sauƙinta a baki suna ɓoye ƙarfinta. Kwalba mai kashi 12.5 tana ɗauke da kimanin giram 74 na barasa zalla, wato kofi shida na mililita 125 a lissafin Italiya. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da ba shi da haɗari ga lafiya, kuma tun tuni hukumarta mai binciken ciwon daji ta sa barasa a rukunin farko na masu haddasa shi. Ba a kyauta wa mai karatu ba in aka ba shi labarin ƙamshi aka ɓoye masa wannan.

Haka kuma ba a kyauta ba in aka manta da hannun da ya yanko inabin. Girbi a gangare aikin almakashi ne da baya, kuma da yawa daga masu yin sa baƙi ne, daga gabashin Turai da Indiya da Afirka. Akwai 'yan kwangilar da ke tara su, suna yanke musu albashi da sunan kuɗin mota da na kwana; caporalato ake kiran wannan zalunci. A watan Yulin 2015 wata 'yar Italiya mai shekara 49, Paola Clemente, ta faɗi ta mutu tana aiki a gonar inabi kusa da Andria. Mutuwarta na cikin abin da ya haifar da doka mai lamba 199 ta 2016, wadda ta sa hukunci ya hau kan mai gonar da ya ci moriyar zaluncin, ba ɗan kwangila kaɗai ba. Duk wanda zai je aikin kaka, ya nemi takardar kwantiragi kafin ya ɗauki almakashi.

Yanayi ma yana sauya taswirar. A filayen Sisili yanzu akan fara yanka tun ƙarshen Yuli, manoman arewa suna neman gonaki a sama da inda iyayensu suka tsaya, a 2023 kuma ruwan bazara ya kawo cutar ganye da ta rage girbi har Faransa ta wuce Italiya a yawan giya.

Ga mai son gani da ido, akwai lokuta biyu. Baje kolin Vinitaly, wanda ake yi a Verona tun 1967, yana faɗowa a watan Afrilu, amma na 'yan kasuwa ne. Cantine Aperte, a ƙarshen makon ƙarshe na Mayu, shi ne na kowa: ɗaruruwan masana'antu suna buɗe ƙofa, a zagaya gona da ɗakin tankuna, kuma ba a tilasta wa baƙo ɗanɗanawa. A lokacin girbi ba a zuwa sai an yi alƙawari, domin ba mai lokacin baƙo. Tambayoyin da ke buɗe bakin manomi kaɗan ne: tsayin gonar nawa ne, wane gefe take kallo, ran nawa aka yanka bana, kuma ran nawa mahaifinsa yake yanka. Wanda zai tuƙa mota ya sani cewa iyakar doka a Italiya giram 0.5 ne na barasa a litar jini, ga ɗan ƙasa da shekara 21 da wanda lasisinsa bai kai shekara uku ba kuwa, sifili ne.